Gurbin da Ke Ƙarƙashin Baro

Bai iya karatu ba, bai iya rubutu ba, in aka ce ya sa hannu a takarda sai ya miƙa babban yatsa a shafa masa tawada. Amma duk garin ba wanda ya san shi da wani suna in ba Baba Rajista ba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aiki a maƙabartar bayan gari. Da haƙa ya fara, yana saurayi mai ji da ƙarfi, da ƙugu ya fara ciwo sai aka karɓi diga aka ba shi makullin ƙofa. Sai kuma wani aiki da ba ya cikin takardar ɗaukarsa, ba kuma wanda ya ɗora masa shi, wato sanin inda kowa yake kwance.

Littafi kam akwai shi a ofishin hukuma, ƙato mai baƙin bango, sai dai suna da rana kawai ake rubutawa a ciki. Wurin kwanciya yana cikin kan Baba. Mutum zai dawo daga uwa duniya bayan shekara goma sha biyar, da tumbi da tabarau, ya tsaya a ƙofa yana rarraba ido, ya faɗi sunan mahaifinsa. Baba zai runtse ido, ya sosa gemu.

"Wanda aka kawo ana tsuga ruwa, har mota ta kafe a bakin ƙofa? Kai ne ɗan da ya bar takalmi ɗaya a taɓo? Biyo ni."

Akwai masu cewa asiri ne, amma alamomi gare shi, kowace da sunan da ya raɗa mata. Akwai Gwafa, bishiyar da ta rabu biyu tun daga gindi. Akwai Gurguwa, wata bishiyar da iska ta kwantar ta ƙi mutuwa. Akwai mataccen famfon da bai sake ɗigo da ruwa ba tun ranar da manya suka zo suka buɗe shi da tafi, da suri mai kai uku, da wurin da katanga ta tsage aka liƙe da siminti mai wani launi. Daga alama sai taku. "Daga Gwafa taku goma sha huɗu ka nufi famfo, ka ba suri baya, taku shida." Nan zai dogara sandarsa ya ce, "Ga shi nan," ya ja gefe ya bar mutum da ubansa.

A tsohon ɓangare, inda damina bayan damina ta kwantar da tudun kaburbura har suka saje da ƙasa, ba don shi ba da ba mai sanin komai. Kuma ba ya kame-kame. Sau uku kacal ya taɓa cewa bai sani ba, kowanne kuma sai da ya hana shi cin abinci. Wani mai hali ya taɓa kawo tsohuwarsa neman kabarin mijinta, ya ja Baba gefe ya ce, "Nuna mana ko'ina mana, don hankalinta ya kwanta. Wa zai sani?" Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ni zan sani. Ba na haɗa mace da mijin wata."

A gida kuwa wannan ƙwaƙwalwa ba ta tsinana masa komai. Matarsa, wadda yake kira uwar yara, tela ce, kekenta a bakin taga, ƙafarta ba ta hutawa, bakinta ma haka. Kullum safiya sai an yi cigiyar hula.

"Mutum ya san makwancin mutum dubu, bai san inda ya ajiye hularsa ba," za ta ce, allura a baki. "Shafa kanka, malam. Tana bisa rajistar."

Shekara ashirin suna haka. Ciwon da ya ɗauke ta bai yi gaggawa ba, ya ba su wata biyar. Wata rana da hantsi yana ba ta ruwa a cokali, ta riƙe masa hannu.

"Ka san ni da baƙunta. Ba na iya barci kusa da wanda ban sani ba. In ka kai ni can wurin aikinka, ka ajiye wa kanka wuri a gefena."

"Ba a kama wuri a can, uwar yara. Layi ne, wanda ya zo shi ke bin na gabansa."

"Kai ka san yadda za ka yi. Minsharinka na saba da shi, kada ka haɗa ni da na wani."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, har tari ya sarƙe ta. Bayan kwana tara ya haƙa mata da hannunsa.

Dokar gaskiya ce, ba a kama wuri. Don haka washegari ya jawo wani tsohon baro da tayarsa ta cire, ya kifa shi a gefenta, ya ce wa masu haƙa akwai dutse a ƙasan wurin, ya sa alama ne don kada wani ya karya digarsa a banza. Ita ce ƙarya ɗaya tak da ya taɓa yi a bakin aiki, ya kuma riƙe ta shekara goma sha tara bai faɗa wa kowa ba, har 'ya'yansa. Kunya yake ji. A ce mai tsaron doka ne ya fara lanƙwasa ta? Layi ya tsallake baron ya wuce, ɓangaren ya cika, aka koma sabo.

Kowace safiya in ya buɗe ƙofa sai ya wuce can ya zauna a bayan baron, wai yana hutar da gwiwa. A nan yake ba ta labari ƙasa-ƙasa: wane ya yi aure, rufin ɗaki ya fara yoyo, Auta ta haihu. Kabarinta ne kaɗai bai taɓa auna wa taku ba. Me zai auna? Tun daga ƙofa yake hango baron, ga kuma 'yar hanyar da ƙafarsa ta fitar tana lanƙwasa tsakanin bishiyoyi har can.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya shekara biyu yana musu, yana cewa hayaƙi ne ya yi yawa a gari. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta gaji keken uwarta da bakinta duka, tana aure a wani gari mai asibitin ido. Ta aiko masa cewa ko ya zo da ƙafarsa, ko ta zo ta turo shi a baro.

A daidai lokacin ne hukuma ta tuna tana da maƙabarta. Aka turo wata ma'aikaciya daga ofis, mace mai natsuwa, da kwamfuta a jaka da wata na'urar awo kamar wayar hannu. Baba yana ce mata Malama. Ta yi masa bayani cewa za a ba kowane kabari lamba da turken siminti, a shigar da shi taswira, ta yadda ko bayan... sai ta yi shiru.

"Faɗi mana, ko bayan na mutu," in ji Baba. "A nan wurin ba a jin nauyin maganar."

"Za mu juye abin da ke kanka ne a cikin na'ura, Baba. Je ka a gyara maka ido, in ka dawo sai mu fara. Kafin nan za a ɗan gyara wurin, don na'urar awon ba ta son duhuwa."

Ya ji daɗi har cikin ransa. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa cewa abin da ke kansa ya isa a rubuta. Gyara kuwa, shi a saninsa shara ce da yankan ciyawa. Ya damƙa makulli a hannun Dogo, babban masu haƙa, wanda suka shekara goma sha biyu tare, ya hau mota.

Ido ɗaya aka fara yi, bayan mako uku aka yi ɗayan. Ranar da aka cire bandeji ya ga fuskar Auta tar, ya ga ashe ta koma uwarta sak. Ya ƙagu ya koma ya kai wa uwar yara wannan labari.

Bayan mako shida ya sauka a mota da hantsi, ko gida bai biya ba. Dogo ya tarbe shi da fara'a, ya wangale masa ƙofa kamar mai nuna sabon ɗaki.

"Baba, zo ka ga aiki! Wallahi ba za ka gane wurin ba."

Bai gane ba kuwa. Fili ne fetal tun daga ƙofa har katangar baya. Ba Gwafa, ba Gurguwa, har gindinsu an tone an cike ramin. An tuge famfo, an baje suri. Katanga ta sha filasta da farin fenti, tsaga ta ɓace. Tsohon ɓangare kuwa, da yake wasu kaburbura sun lotsa, ɗan kwangilar da aka ba aikin ya sa tifa ta yi ta juye jar ƙasa, leburori suka baje ta sumul kamar an bi da dutsen guga. Abin haushin, ba mugunta aka yi ba. Da ladabi aka yi aikin, ba wanda ya hau kabari da mota, da shebur da kwando aka bi. Mutanen ofis haka suke, in suka ga abu a karkace sai hannunsu ya yi ta ƙaiƙayi, ba sa tsayawa su tambayi wa ke jingine da shi.

Baba ya tsaya da sababbin idanunsa. Yana ganin komai tar, har tsakuwa, amma bai ga ko ɗaya daga abin da ya sani ba.

"Dogo. Ina baro?"

"Wane baro? Au, na dutsen nan? Ai ni da kaina na ɗora shi a mota tare da sauran tarkace. Tunda ɓangaren ya cika, wa zai sake haƙa a wurin balle ya karya diga?"

Baba ya dubi Dogo. Me zai ce? Shi ya ce dutse ne. Ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa, Dogo ya ɗauka gajiyar mota ce ya ruga neman ruwa.

Sabon ɓangare bai ba su wahala ba. Kaburburan suna nan a jere, Baba na faɗin suna, Malama na danna na'ura, ana kafa turke. Da suka shiga tsoho ne abin ya tsaya cak. Malama ta zauna a kujerar roba, baƙin littafi a cinya, kwamfuta a kan ɗan tebur, tana karanto suna. Baba ya san mutumin sarai. Ya san ranar, ya san wanda ya yi kuka da wanda ya yi ta duba agogo. "Daga Gurguwa taku tara," zai ce, sai ya juya neman Gurguwa. Ya gwada aunawa daga ƙofa, wadda ita kaɗai ba ta motsa ba, amma bai taɓa ƙirga daga ƙofa ba, kuma takun da ya yi awo da shi na mai jini a jika ne, na yau ya gajarce. Sai ya tsaya, sanda a hannu, ya ce, "Ban sani ba." Mutumin da ya faɗi haka sau uku a shekara arba'in, ya faɗa sau sittin kafin rana ta take.

Duk sanda ya faɗa, sai ya ji yatsunta sun buga sau tara. Shi mai ƙirga ne, kunnensa ba ya barin irin wannan ta wuce. A rana ta uku ya matso ya leƙa fuskar kwamfutar. A gaban kowane suna ga wasu baƙaƙe iri ɗaya, sun jeru har ƙasa.

"Malama, wannan abin da kike bugawa sau tara, me yake cewa?"

"Kalmar Turanci ce, Baba. Unlocated."

"Wato ya ɓace."

"A'a, ba ɓata ba ne. Abin da ya ɓace yana iya kasancewa ko'ina, wataƙila ma an ɗauke shi. Wannan kuwa an tabbata yana nan, ga sunansa a littafi, yana cikin katangar nan, sai dai ba wanda zai iya ɗora yatsa ya ce nan ne. A ofis muna sa ta a kan fili mai takarda da ba a gano shi a taswira ba, ko rijiyar da aka san an haƙa aka rasa bakinta. Ba a rufe fayil ɗin, ba a kuma ci gaba da shi."

"Har yaushe?"

"Har a samu wanda ya sani."

"Wanda ya sani," in ji Baba. Ya koma ya zauna. Da ma mutum ɗaya ne ya sani, kuma shi ne zaune a gabanta.

Bai naɗe hannu ba. In Malama ta tashi da yamma, sai ya ɗauki dagi yana caccakar ƙasa a gefe-gefe ko zai ci karo da ragowar Gwafa. Ya samu saiwoyi, amma ba yadda zai gane na wace bishiya ne. Ya rarrafa yana neman ɓurɓushin tsatsar baro, alhali ƙasar da aka zuba ta kai taƙi guda, kuma ita da tsatsa launinsu ɗaya. Ya nemo waɗanda suka raka uwar yara, 'yan kaɗan da suka rage, kowa ya nuna wurinsa daban, tsakanin na farko da na ƙarshe taku hamsin. 'Ya'yansa ma da ya buga musu waya cewa suka yi, "Baba, ai mu kai muke bi."

Ranar hutu ya bi sawun motar tarkace har wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ya yini yana ɗaga ƙofofin mota da fasassun tukwane, kuma abin mamaki ya same shi, ƙarƙashin wani gadon ƙarfe, da lotsawar da zamansa ya yi masa a baya. Mai wurin ya dubi baron, ya dubi tsohon, ya ce, "Ɗauka, Baba, Allah ya sa ya yi maka amfani." Ba taya, don haka jan sa ya yi, yana ƙara a kan kwalta, mutane na kaucewa suna bin sa da kallo. Murna yake yi a hanya, wallahi, kamar wanda ya gama da matsala. Sai da ya shigo ƙofa, ya ja shi har bakin jar ƙasa, sannan abin ya faɗo masa. Ina zai kifa shi? Ya daɗe a tsaye riƙe da hannayen baron yana duban fili, har Dogo ya zo ya karɓa. Nan ne ya gaya masa gaskiyar dutsen. Dogo ya ɗora hannu a ka, ƙato da shi, ya fashe da kuka, Baba ne ya koma ba shi haƙuri.

Littafi yana tafiya bi da bi, shekara bayan shekara, Baba ya san ranar tana tafe. Wata Laraba ce. Malama ta karanto sunan uwar yara ta ɗago kai, domin Dogo ya riga ya tsegunta mata. Ta rufe littafin.

"Baba, ka nuna mini inda zuciyarka ta fi kwanciya. Zan danna, a kafa turke, ba wanda zai tambaye ni. Kuskuren ba zai wuce taku kaɗan ba."

Ya so. Kada wani ya ce bai so ba. Ya taka har wani wuri da yake ganin kamar nan ne, ya ɗaga sanda. Sai ya tuna a ɓangaren nan taku biyu ma wani mutum ne daban. Zai kafa sunanta a kan wani ƙaton da bai sani ba, ita da ba ta iya barci kusa da baƙo, ya kuma riƙa zuwa kullum yana ba mijin wata labarin Auta. Ya sauke sandar a hankali.

"Buga abin naki, Malama."

Ta buga. Ya ƙirga, tara cif.

Da aka gama, sunaye ɗari shida da goma sha ɗaya ne suka samu kalmar. Hukuma ta fitar da takarda, Malama ta karanta masa da kanta don kada ya ji a bakin wani. An rufe tsohon ɓangare, ba za a sake sa diga a ciki ba, tunda ba a san inda za a sara a faɗa kan wani ba. Hukuncin daidai ne, shi ma da an tambaye shi haka zai ce. Gurbin da ya yi gadi shekara goma sha tara yana nan a ciki, babu kowa, ba kuma mai shiga.

"To ni fa, in tawa ta zo?"

"Sabon ɓangare, Baba. Da lamba da turke. Jikokinka na danna waya za su zo kanka kai tsaye."

Baba ya juya hula a hannu.

"Ba a iya rubuta wa mutum wannan kalmar in ya roƙa? A sa ni a layinsu, ko a takarda ne."

Malama ta kawar da kai tana gyara jakar da ba ta buƙatar gyara.

"Ba a sa wa wanda aka san inda yake, Baba. Kai za a san inda kake."

Har yanzu shi ke buɗe ƙofa. Masu zuwa sabon ɓangare ba sa neman sa, waya ke kai su. Masu zuwa tsoho yakan raka su bakin jar ƙasa ya ce, "Yana cikin nan," ya ba su labarin ranar da aka kawo mutumin, don shi kaɗai ya rage masa. Auta ta yi juyin duniya ya koma wurinta, ya ƙi. Baron yana kife a bakin ɓangaren, inda ya tabbata hanya ce, kuma ba ya yarda ya sake taka ciki, tsoro yake kada ya taka makwancin matarsa. Kowace safiya yana zama a kai ya ba uwar yara labari kamar da, sai dai ya daina yi ƙasa-ƙasa. Masu haƙa suna jiyo shi tun daga sabon ɓangare, su sunkuyar da kai su ci gaba da aiki. Dogo ya taɓa daurewa ya ce masa, "Baba, ana jin ka fa." Ya ce ya sani, amma tunda bai san nisan da ke tsakaninsu ba, dole ya ɗaga murya.